Ka Sauka a Magama

Jibiya, ranar Laraba.

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, ɗana. Allah ya sa takardar nan ta same ka ka tashi lafiya, ya tsare ka a hanyar da za ka kama yau, ya kai ka Zariya da ƙafarka da hankalinka, ya sa aikin asibitin da za ka koyo ya amfane ka ya amfani jama'a. Amin.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Kai ne ɗan farina, ka kuwa san al'adarmu. Shekara goma sha tara ban kira sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. In ina da saƙo sai in bi ta bakin goggonka. Wannan saƙon ya fi ƙarfin bakinta, shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na koyo a soja. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ɗaga sandar shingen kwastan. Motarku ba za ta tashi ba sai hantsi ya dubi ludayi, na san direban, sai ya gama kokonsa da faɗansa da 'yan kamasho. Kana da lokacin karantawa.

Roƙo ɗaya nake yi maka. Motar za ta tsaya a Magama ɗaukar fatu. In ta tsaya ka sauka, ka bi ta bayan rijiya zuwa unguwar majema, masu jimar fata, ka tambayi gidan marigayi Nomau. Ka shiga ka durƙusa gaban matarsa Yalwa, ka gaishe ta, ka ce mata Inna. Na san yadda ka ɓata fuska yanzu da ka karanta wannan. Ci gaba da karatu.

Ran Lahadi a kasuwa ina tsaye bayan rumfar masu goro, ba ka gan ni ba. Na ga Ilu ɗan Nomau ya nufo ka da sabuwar jakar fata ja mai kyan ɗinki, ya miƙo maka da hannu biyu ya ce, "Inna tac ce a kawo maka, ka sa littattahanka." Kana tare da abokanka 'yan makaranta. Ka ja da baya, ka tattare farar rigarka, ka ce, "Mi ya haɗa ni da innarka? Matsa can da warinka." Suka kwashe da dariya. Ilu ya ɗan tsaya da jakar a hannu, sannan ya matse ta a hammata ya juya. Wallahi na so in fito in zabga maka mari a tsakiyar kasuwa. Abin da ya riƙe mini hannu shi ne na gane muryar. Ba a makaranta ka koyo ta ba, a zaurena ka tsince ta.

Ka tambayi abin da ya haɗa ka da innarsa. Nono ne ya haɗa ku.

Kwana tara da haihuwarka mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta kwanta da ciwon mama, duka biyun suka kumbura. Tsofaffi suka tatsa a ludayi suka jefa tururuwa, ta mutu, suka ce nonon ya ɓaci. Aka gwada maka na akuya, ka amayar. Kwana uku kana tsala kuka, a na huɗu ka yi shiru, shirun nan kuwa ya fi kukan tayar mini da hankali. Akwai masu goyo a unguwarmu, amma kowace da uzurinta, don ana cewa ciwon uwa yana bin bakin jariri. Ran nan Nomau ya kawo wa kakanka fatar da zai rufe littattafai, ya ji abin da ake ciki daga bakin ƙofa. Ya juya ya koma gida. Da la'asar sai ga matarsa a ƙafa tun daga Magama, Ilu a bayanta ɗan wata biyu. Ta karɓe ka ta zauna a gindin turmi, ina leƙe ta zana na ga ka kama. Wata bakwai ka yi a ɗakinta, kai a dama Ilu a hagu.

Mu kuwa me muka yi? Muka ce wa mutane an kai ka Farfaru wurin kakarka. Yayana, baffanka Malam Garba, ya ce kada a ji ɗan gidan malamai ya sha nonon majema, gobe in ya nemi aure ko limanci za a tono. Ban yi musu ba, har ma na gyaɗa masa kai. Da mahaifiyarka ta warke na je ɗauko ka da zane da goro, na ajiye gaban Yalwa na ce maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ta dube ni ta ce, "Malam, ai ba saidawa niy yi ba. Ɗauki zanenka. Bakina kuwa ba a ji ba." Ta ɗora ka a hannuna, ta shige ɗaki kafin in juya. Ta riƙe wannan magana har yau.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma na yi shi da sani. Mu da ke gidan karatu mun fi kowa sanin hukuncin shayarwa. Yalwa uwarka ce a shari'a, Ilu ɗan'uwanka ne, 'ya'yanta mata ƙannenka ne da aure bai halatta tsakaninku ba. Mun karantar da wannan babin ga 'ya'yan mutane, muka rufe shi a kan namu. Ɗana, duk wanda ya yi maka alheri ka faɗi sunansa a fili, ko da sunan bai yi wa majalisa daɗi ba. In ka ɓoye shi sau ɗaya, sai ka yi ta ƙarya kana kare ƙaryar farko, ni shekara goma sha tara na yi ina wannan aiki.

Kana ɗan shekara shida aka zo neman soja don yaƙin ƙasar Bama. Ni zuciya ce ta kai ni, mun yi rigima da baffanka a kan gona na ce gara in bar masa garin. Nomau kuwa turo shi aka yi, don in aka ce gari ya ba da mutum ka san ƙofar da ake fara bugawa. Haka muka sami kanmu a kamfani ɗaya, muka haye teku, aka sauke mu a Indiya don horo kafin a shiga daji. Aka ba ni igiya biyu na zama kofur saboda ina da karatu. Shi bai samu ko ɗaya ba, ko da yake ya fi ni jimiri nesa ba kusa ba.

A barikin akwai wani tsoho Bahinde mai gyaran takalman soja, yana zama a gindin bishiya can gefe. Nomau ya tsaya kallon ɗinkinsa ran nan, ya karɓi basilla ya nuna masa irin namu, tsohon ya shinshina hannun Nomau ya yi dariya. Daga nan suka ƙulla abota, babu yare ɗaya tsakaninsu sai fata. Ta wurin tsohon na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba ya zuwa rijiya. In ƙishirwa ta kama shi sai ya durƙusa nesa da tulu ya haɗa tafuka, mai dafa abincin sojojin Indiya ya tsiyayo masa ruwa daga sama yana kawar da kai, don kada ko bakin buta ya kusance shi. Aka ce mini a wurinsu duk wanda aka haifa a gidan masu fata ƙazantacce ne har ya mutu, taɓa shi ma sai an yi wanka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ciro gorar ruwana na miƙa wa tsohon a gaban kowa, ina hura hanci. Da yamma muna goge bindiga na dinga cika baki, ina cewa mu Musulunci ya raba mu da wannan zalunci, a ƙasarmu mutum mutum ne. Nomau bai ɗago kai daga bindigarsa ba ya ce, "Kofur, in na zo gidanku kawo hwata, da wane ƙoƙo aka ba ni ruwa?" Ya ce, "Akwai wani ɗan ƙoƙo mai tsaga rataye bayan ƙyauren zaurenku. Tun ina bin ubana nike sha da shi. Ban taɓa ganin bakin wani a kai ba in ba namu ba." Na san ƙoƙon. Ƙoƙon majema muke ce masa, ni kaina na sha ɗauko shi da yatsa biyu. Ban taɓa kawo shi a raina a matsayin laifi ba, kamar yadda ba ka tunanin ƙyauren ɗakinka in za ka shiga.

Ka riƙe wannan. Za ka ga mutane iri-iri a Zariya, da 'yan kudu da Turawa da waɗanda ba ka taɓa jin yarensu ba, kuma aibinsu zai fito maka ɓaro-ɓaro. In ka ji zuciyarka ta tashi a kan laifin baƙo, kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka ko akwai irinsa a gidanku da wani suna. Ni na yi fushin gaskiya ran nan, amma rabin fushin jin daɗi ne na cewa na fi wasu.

Ran wata Lahadi da aka ba mu hutu tsohon ya yi mana alama mu biyo shi. Muka yi tafiya mai ɗan nisa har bayan gari, muka ratsa wata unguwa, sai warin jima ya buge mu, sak irin na Magama. Nomau ya ja numfashi ya ce, "Kofur, na iso gida." A ƙarshen unguwar akwai wani farin gini mai ƙubba kamar hubbare, da tutoci, da ƙararrawa a ƙofa, an rataya furanni ruwan goro ko'ina. Mutane na shiga suna fita ba takalmi. Na cire nawa don ladabi, amma na ce ba zan tsallake dokin ƙofa ba, don na san wurin bautarsu ne. Daga inda na tsaya ina ganin ciki sarai.

Na ga siffofinsu da yawa a hanya, masu hannu huɗu da masu kan giwa. Wannan ba haka yake ba. Siffar mutum ce zaune ya tanƙwashe ƙafa, takalmi a gwiwarsa, basilla a hannu, kai ka ce baduku ne a rumfar kasuwar Jibiya. Wani malamin makaranta mai tabarau ya ga baƙaƙen sojoji sun tsaya suna kallo, ya zo ya yi mana bayani da Turanci, na tsinci abin da Turancin barikina ya iya ɗauka ina juya wa Nomau. Ya ce waliyyinsu ne, ya rayu shekaru aru-aru da suka wuce. Ya faɗi sunan, bakina bai iya riƙe shi ba. An haife shi a gidan masu feɗe mushen shanu da ɗinkin takalmi, an hana shi shiga wuraren ibada, sai ya zauna a rumfarsa yana koyar da duk wanda ya tsaya. Abin da yake koyarwa shi ne wanda ya halicci mutane bai yi wasu da zinariya wasu da laka ba, jini ɗaya ne da fata ɗaya, haihuwa ba ta ɗaga kowa ba ta ƙasƙantar da kowa, sai abin da mutum ya aikata. Har manya suka riƙa zuwa suna zama a ƙasa gabansa, shi kuwa bai ajiye basillarsa ba har ya mutu. Don tunawa da wannan koyarwa aka yi ginin.

Ban yi wa siffar nan sujada ba, ba kuma zan taɓa ce maka ka yi ba. Addininsu nasu ne, namu namu ne. In tafiya ta kai ka wurin ibadar wasu, ka cire takalmi, ka kame bakinka daga ba'a, ka tsare imaninka, ka kuma buɗe kunne. Abin da ya girgiza ni shi ne maganar ba baƙuwa ba ce. Tun ina riƙe da allo na san duk daga Adamu muke, fifiko kuma na tsoron Allah ne. Sai da na haye teku na ji ta a bakin wanda ba ya sallah sannan ta shige ni. Na waiwaya na ga Nomau yana kallon hannun siffar nan, hawaye na bin kumatunsa. Ya ce, "Ashe akwai inda anka gina wa mai hwata ɗaki."

Da rana ta yi tsaka aka zaunar da kowa a tsakar gidan, layi-layi a ƙasa, aka raba faranti na ganye. Shinkafa ce da miyar wani ƙaramin wake, babu nama, shi ya sa na yarda na zauna. Mai zuba abincin wani mutum ne da farin tufafi da agogo a hannu, na ga ya sunkuya ya zuba wa tsohonmu mai takalma har ya taɓa kafaɗarsa. Ganye ya ƙare kafin a zo kanmu, aka ajiye ɗaya tsakanina da Nomau. Zan gaya maka gaskiya, hannuna ya tsaya. Shekara guda muna soja tare, kowa da kwanonsa, ban taɓa lura cewa ba mu taɓa haɗa hannu ba. Na dubi farcensa da bagaruwar jima ta rina, baƙin da ba ya fita ko da sabulun Bature. Na tuna matar mai wannan hannun ce ta raya mini ɗa. Kunya ta rufe ni, na yi bismillah na sa hannu. Muna ci na ce masa in Allah ya mai da mu gida, a akushi ɗaya za mu ci a zaurena a gaban kowa, kuma da bakina zan gaya wa yaron wace ce Yalwa. Ya ce, "Allah shi kai mu, Kofur."

Akwai abin da na gani da muka fito wanda ya kamata ya zame mini gargaɗi. Muna barin unguwar, wani mai zare a kafaɗa, alamar 'yan manyan gida a wurinsu, ya taho, tsohonmu ya sauka daga hanya ya tsaya cikin kwata har ya wuce. Cikin da ya cika da shinkafa bai ko faɗa ba. Na yi tsaki na ce waɗannan mutane daidaitonsu na tsakar gida ɗaya ne.

Allah ya dawo da mu. A dajin Bama masassara ta kayar da ni, Nomau ne ya goya ni kwana biyu har inda likita yake, ba zan tsawaita wannan ba. Bayan shekara biyu da dawowarmu ka sauke Alƙur'ani, muka yi walima. Nomau ya zo da rigarsa ta sallah, ya kawo maka farin buzu, shi ne wanda kake sallah a kai har yau, na ga ka naɗe shi cikin kayanka. Zaure ya cika da malamai. Ya yi sallama ya tsaya yana dubana. Akwai wuri a tabarmata, na ma fara matsawa. Sai baffanka ya ce da ƙarfi a zuba wa Nomau nasa a kai masa waje. Aka kai masa a bakin ƙofa inda takalman mutane suke, aka ɗauko masa ƙoƙon nan. Idona cikin idonsa, na sunkuyar da kai na ci gaba da gutsurar tuwo. Ya ci, ya yi addu'a, ya leƙo ya ce, "Kofur, Allah shi yi ma yaro albarka." Bai ƙara taka ƙofar gidana ba.

Na fuskanci harsashi ban gudu ba, amma kallon tsofaffi goma a zaurena ya kayar da ni. Wannan ne kuskuren da ya fi ci mini rai. Kullum in zan tafi shinge ina wucewa ta bayan unguwarsu, in ce gobe zan shiga. Ina ɗaga wa motocin gyaɗa na Maraɗi sanda, ina gaisawa da ma'aikatan ɓangaren Faransa da ba mu haɗa komai ba, amma taku hamsin zuwa ƙofar Nomau ya gagare ni. Daminar bara ya rasu. Na je jana'iza na tsaya a sahun baya, na tafi kafin a gane ni.

Yin adalci a inda ba a san ka ba abu ne mai sauƙi, ɗana, ba wanda zai yi maka gori. Wuyarsa a gaban naka ne. Za su ba ka farar riga a asibiti, mutane za su yi layi a ƙofarka, hakimi da mahauci da kuturu da majemi. Wata rana babba zai ce ka fara da shi, abokan aikinka suna kallo, wanda ya fi shi ciwo yana zaune a ƙasa. Lokacin gajere ne, bai wuce haɗiyar loma ɗaya ba, kuma in ka bari ya wuce ba ya dawowa. Ka kira mutum da sunansa, kada ka kira shi da sana'ar ubansa. In za ka wanke hannu bayan ka taɓa majinyaci ka wanke don cuta, kuma ka wanke iri ɗaya ga kowa. Kada ka toshe hanci a gaban mai rai.

Jiya da la'asar na shiga gidan. Abin da na gani a kasuwa ne ya tura ni. Yalwa ta tsufa, idanunta sun tafi, tana zaune a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta gane muryata tun daga sallama. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, na nemi gafararta da ta mijinta. Ta ce ita ta daɗe da yafewa, na Nomau kuwa in roƙi Allah, don shi bai taɓa kawo ƙarata wurinta ba. Ashe duk shekarun nan tana bin labarinka a bakin mata masu zuwa kasuwa, ta san ranar da aka yi maka kaciya, ta san ranar da ka shiga makaranta. Jakar nan fatar ɗan akuyarta ce, Ilu ya jeme ya ɗinka. Da ya mayar mata bai gaya mata abin da ka ce ba, cewa ya yi bai same ka ba.

Sai ta tambaye ni abu ɗaya. Ta ce, "Malam, har yanzu shina kama kunnenshi na hagu in barci ya ɗauke shi?" Ni ubanka ne, ban sani ba. Na fita daga gidan nan ina share ido da bakin rawani kamar ƙaramin yaro.

Kafin in fita na gaya mata zan ce ka biyo. Ta ce kada in tilasta ka, in don an sa ka ne za ka zo, gara ka wuce da albarkarta daga kan mota. Saboda haka ba umarni nake ba ka ba, ba ni ma da bakin ba da shi. Wanda ya kasa shekara goma sha tara yana roƙonka ka iya a safiya ɗaya, na san abin da nauyi, abokanka kuma za su kasance a motar suna kallon inda ka nufa. Ta ce mini ba za ta sa rai ba. Amma da na kai bakin rijiya na waiwaya, na ga ta sa Ilu yana share ƙofar gida yana yayyafa ruwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ka daga sharrin mota da na mutum da na zuciyarka. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya jiƙan Nomau, ya yafe mini. Ya yi maka albarka, ya ba ka ƙarfin halin da ubanka ya rasa. Goggonka da ƙannenka suna yi maka fatan sauka lafiya. Wassalamu.

Ni ne mahaifinka,
Sule Kofur.